Kada A Mai Da Tatsuniya Darasi

Yau muna so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna ga wani abu wanda yawancinmu mu ke ɗauka wasan yara ne, watau tatsuniya. Abin da ya sa mu ka ɗauko zancen shi ne, mutanen da su ka riga mu sakin irin wannan hira sun komo suna nemanta da kuɗinsu, mu kuwa da sauranta ya ke hannunmu mun zuba ido tana zubewa.

A watan Oktoba na shekarar 1973 wani malamin makaranta, Jimmy Neil Smith, ya tara mutane a wani ƙaramin gari, Jonsboro, cikin jihar Tenesi ta Amurka, don su ji masu ba da labari da baki. Waɗanda su ka zo ba su wuce kamar 60 ba, masu labarin kuwa bisa wani tsohon amalanken ɗaukar ciyawa su ka hau. Taron bai mutu ba, har yanzu ana yinsa a wannan wata, dubban mutane su na zuwa. A Ingila an kafa jam'iyyar masu ba da labari a 1993. A birnin Niyok kuma, a 1997, aka fara wata ƙungiya mai suna The Moth, inda mutum kan tashi gaban jama'a ya ba da labarin abin da ya taɓa samunsa. Dokarsu guda ta ba mu sha'awa ƙwarai: ba a yarda mai labari ya tashi da takarda a hannunsa ba.

To, mutanen nan ba su rasa littattafai ba, ba su rasa majigi ba. Abin da su ka rasa shi ne abin da kowane ɗan Bahaushe ya ke samu kyauta a dā, in an ci tuwon dare an yi sallar lisha. Yara su kewaye kaka, ko wata amarya da aka kawo gidan, a fara da kacici-kacici, wanda ya kāsa ya ba da gari. Sa'an nan tsohuwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ta yi shiru. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya sai an amsa mata, "Ta zo mu ji ta." Tun daga nan mai hankali zai gane aikin na mutum biyu ne, mai faɗi da mai ji. In ta zo kan Gizo ta yi tsamin bakinsa, in ta zo kan Dodo ta kumbura murya har ƙaramin cikinsu ya matso jikin yayarsa. In yarinyar cikin labari ta shiga wuya ta fara waƙa, yara ne ke amshi. Tsohuwa tana faɗi tana duban fuskoki, in ta ga barci ya soma ɗibarsu ta gajarta, in ta ga idanu a buɗe ta ƙara wa Kura wata wautar da ba ta yi jiya ba. In akwai yaron da ya yi rowa da rana, zai ji an ba da labarin marowaci da dare, ba wanda ya kama sunansa, amma shi ya san da wa a ke.

A wurin nan yaro ya ke koyon sauraro, da riƙe magana daga farkonta har ƙarshe, da jera abu bayan abu. Nan ya ke tsintar karin magana da kalmomin da ba ya ji a kasuwa. Ran da aka ce masa shi ma ya yi tasa, nan ya ke fara tsayawa gaban mutane ba tare da muryarsa ta yi rawa ba. Malamin da ya taɓa fama da aji a kan rubutun insha'i ya san tamanin waɗannan abubuwa.

Wani zai ce ai an riga an rubuta tatsuniyoyin, ba za su ɓace ba. Gaskiya ne an rubuta da yawa, muna kuwa gode wa waɗanda su ka yi. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, yawancinsa daga bakin Dorugu, yaron nan da ya bi Barth zuwa Turai. Frank Edgar ya fid da littattafai 3 na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913. A 1913 ɗin Rattray ya buga waɗanda Malam Shaihu ya rubuta masa cikin ajami a ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo wa makarantu Tatsuniyoyi da Wasanni, tun daga 1971. Amma alkalami iyakarsa kalmomi. Karin waƙa, da tsamin bakin Gizo, da shirun nan da tsohuwa kan yi kafin Dodo ya fito, duk a bakin ƙofa su ka tsaya. Sa'idu Babura Ahmad, cikin littafin da ya fitar a 1997, ya gwada tatsuniya guda daga bakin mutane dabam dabam, ya nuna ƙashin labarin ba ya sākewa, amma naman kowa da irin nasa. Abin da ke cikin littafi faɗin mutum ɗaya ne a dare ɗaya. Ko Abubakar Imam, da ya zo rubuta Magana Jari Ce, bai zuba labarai haka kawai ba, sai da ya sa su a bakin aku, ya zaunar da Musa ɗan sarki yana ji yana tankawa.

Sabo da haka muna goyon bayan kowace makaranta da kowace unguwa su kafa ƙungiyar tatsuniya. Amma muna jin tsoron abu guda, mun kuwa san halin makaranta shi ya sa mu ke tsoro. Duk abin da ya shigo ƙofarta sai an ba shi alli da allo. Za a sa yara kan benci sahu sahu, malam ya buɗe littafi ya karanta da muryar karatu, in ya gama ya ce, "Wa zai gaya mini darasin da ke cikin wannan labari?" Bayan mako biyu a yi jarrabawa. Wanda aka yi wa haka sau uku ya ƙi jinin Gizo har abada. A kwalejin horon malamai mun sha ganin ɗalibin da zai jera maka ire-iren tatsuniya da jigoginsu ba tuntuɓe, amma in ka ba shi yara goma ka ce ya riƙe su minti 15 da bakinsa, sai ya tsaya yana susar ƙeya. Laifin ba nasa ba ne, ba a taɓa zaunar da shi gaban gwani ba.

Gwanayen kuwa suna nan, yawancinsu tsofaffin mata ne, ba kuwa kowace za ta yarda ta taka zuwa makaranta ba. To, makaranta ta taka zuwa gare ta. Malama mace ta je ta gai da ita, a nemi izinin maigida, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ko a zaure. A tafi da goro da ɗan sabulu, gama wanda a ke ɗibar iliminsa ba a zuwa masa hannu sake. Maza ma suna da nasu: tsohon maharbi, da maƙeri, da direban da ya san hanyar Agadas, da wanda ya yi soja. Nasu labari ne na abin da ido ya gani, yana kuwa da kyau a sa musu rana dabam. Malam shi aikinsa ya zauna ƙasa cikin yara ya yi amshi kamar kowa, in an tashi ya ba yaro ɗaya ko biyu dama su gwada.

Akwai iyaye masu cewa tatsuniya ƙarya ce, ɓata lokacin karatu ce. Muna girmama damuwarsu, amma su tuna mai tatsuniya ba ta taɓa yaudarar kowa ba, da bakinta ta ke rufewa da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, ƙaramin yaro ma ya san dila ba ya magana. Lokacin da ta ke ci kuwa, yau ba karatu ne ya gāje shi ba. Waya ce da talbijin, inda yaro ke zaune shi kaɗai, ba mai duban fuskarsa balle ya san ya tsorata ko ya gaji.

Ku akawuna, da ku ka saba da rajista, ga naku aikin. In mai labari ta yarda, a ɗauki muryarta da waya, a rubuta sunanta da garinta da ranar da ta faɗa, domin da yawa daga cikin waɗanda aka kwashi labaransu a dā ba wanda ya san sunansu yau. In an zo rubutawa kada a gyara mata harshe. Basakkwatiya a bar ta da Sakkwatancinta, ta Damagaram a bar ta da nata.

Saura maganar lokaci. Akwai garuruwan da halin tsaro bai bar mutane su tara yara da dare ba, kada kuwa wani shugaban makaranta ya yi gangancin haka. A irin waɗannan wurare a yi bayan la'asar. Mun san camfin da a ke yi cewa mai tatsuniya da rana ɓata ya ke yi, amma a ganinmu iyaye sun kafa shi ne don kada yara su bar aike da ɗiban ruwa su zauna hira. In an gama aike an ɗebo ruwan, a roƙi tsohuwa ta yi haƙuri ta fara tun rana ba ta faɗi ba.