Hasken Goronyo a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin madatsar ruwa ta Goronyo da hantsi ya ga yadda ruwan Rima ke mayar da hasken rana kan fuskar masunci, har haɓarsa da kumatunsa su fito sarai. Wannan darasi ne da ɗalibanmu masu zana surar mutum da kwamfuta suka yi wa riƙon sakainar kashi.

Akasarinsu kan jera fitilu uku cikin na'urar yadda littafi ya ce: babba a gaba, mai rage inuwa a gefe, ɗaya a baya. Sai Bahaushen da suka zana ya fito toka-toka. Dalili kuwa, dabarar kwaikwayon fata da Henrik Jensen da abokan aikinsa suka fitar a 2001 ta dogara ne kan hasken da ke ratsa fata ya watsu, alhali baƙar fata da sheƙi take bayyana siffarta.

A ganina, ƙara ƙarfin fitila ba magani ba ne. A faɗaɗa ta, a karkatar da ita gefe, tamkar ƙofar zaure a Wurno, inda haske guda ke shafar kuncin dattijo, sauran ɗakin kuwa na cikin duhu.