Tsadar kayan gyara: Shin na'urar 3D za ta ceci masu janareta da injinan ban-ruwa?

Da zarar hunturu ya kankama, kanikawan janareta da na injinan ban-ruwa kan fara cin karo da wata 'yar matsala mai cin rai, wato karyewar hannun cok ɗin kafireta. Ɗan guntun roba ne da bai kai tsawon yatsa ba, amma idan babu shi inji kan ƙi tashi da sassafe. Sau da yawa kuma ba a samunsa shi kaɗai a shago, sai dai a ce wa mai inji ya sayi kafireta sukutum.

A da wannan ba ya tayar wa kowa da hankali. Amma tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, Babban Bankin Najeriya kuma ya saki Naira a watan Yuni, lissafi ya canza. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, litar fetur da ba ta kai Naira 200 ba ta wuce 1,000 a ƙarshen wannan shekarar. Yawancin kayan gyaran da ke Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas da dala aka shigo da su. Shi ya sa tunanin ƙera ƙananan sassa a gida da na'urar buga kaya ta 3D ya cancanci a duba shi da idon basira.

Amfanin cok

Injin fetur yana aiki daidai ne idan nauyin iskar da ke shiga ya ninka na fetur kusan sau 14.7. Idan inji ya yi sanyi, fetur ba ya zama tururi da sauri, yakan maƙale a bangon hanyarsa. Cok wani faifai ne a bakin kafireta da ke rage shigar iska, sai zuƙar inji ta jawo fetur mai yawa har ya tashi. Da ya ɗumama sai a buɗe.

Idan hannun ya karye, faifan kan tsaya inda ya ga dama. In ya maƙale a buɗe, mai inji zai yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, wasu su toshe bakin da tafin hannu, wasu ma su tsiyaya fetur a ciki, abin da ke iya haddasa gobara. In kuma ya tsaya rabi a rufe, inji zai riƙa baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, fetur ya tsarga cikin baƙin mai, iskar nan mai guba da ke kashe mutane a ɗaki ta ƙaru. Manomin da ke shayar da tumatir a Kadawa zai iya ƙona man da ya fi kuɗin kafiretar bai ankara ba.

Ƙasashen da suka ci gaba sun daɗe da barin kafireta a motoci. Indiya ma, tun da ta tsaurara dokar hayaƙi a Afrilun 2020, mafi yawan baburan da ake sayarwa a cikinta sun koma tsarin fesa mai na lantarki. A nan kuwa babura da janaretoci da injinan markaɗe da na ban-ruwa har yanzu kafireta ce ke tafiyar da su.

Ita na'urar 3D tana narkar da zaren roba ne tana jera shi layi bisa layi, bisa zanen da aka ba ta a kwamfuta. Ta yi araha bayan da haƙƙin mallakar fasahar da kamfanin Stratasys ke riƙe da shi ya ƙare a 2009. Manyan kamfanoni sun riga sun rungume ta wajen kayan gyara: kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, yana buga sassa tun 2015, Porsche kuma ya sanar a 2018 cewa yana buga sassan tsofaffin motocinsa da aka daina ƙerawa. Dokar 'yancin gyara da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2024 ta hana masu ƙera kaya toshe wa masu gyara hanyar amfani da sassan da aka buga, ko da yake kayan gida irin su firji da injin wanki da waya ta shafa, ban da injinan fetur.

Ba kowace roba ba

A nan ne aka fi yin ɓarna. Robar da ta fi araha da sauƙin bugawa, wadda ake kira PLA, takan fara laushi a zafin digiri 60 na ma'aunin Salshiyas. A Sakkwato ko Maiduguri zafin inuwa kaɗai kan wuce 40 a watan Afrilu, balle ƙarfen da ya wuni a rana. Akwai kuma abin da ba kowa ke lura da shi ba: kafireta tana da ɗan sanyi-sanyi yayin da inji ke aiki, domin iska da fetur na ratsa ta, amma da an kashe inji sai zafin silinda ya gangaro mata. Hannun cok na PLA zai yi kyau ranar da aka saka shi, nan gaba kaɗan ya lanƙwashe.

ABS ta fi jure zafi, tana kaiwa wajen digiri 100, sai dai fetur na cin ta, ta kumbura ta tsage. PETG tana tsakiya, wajen digiri 80, kuma za ta iya aiki a wurin da fetur ba ya jiƙa ta kullum. Nailan ce ta fi dacewa da kusa da fetur, amma tana shan danshi, tana da wuyar bugawa, ba kowace ƙaramar na'ura ke iya ta ba.

Ko an dace da roba, yadda aka kwantar da zanen ma abin lura ne. Abin da aka buga kamar itace yake, yana da gaɓar da yake tsagewa cikin sauƙi, wato tsakanin layi da layi. Hannun da aka buga a tsaye zai ɓalle a daidai inda yatsa ke turawa, wanda aka buga a kwance kuwa zai jure.

Sukuru ya fi robar haɗari

Idan hannun waje ya karye, asarar ba ta wuce shi ba. Abin da ke cikin maƙogwaron kafireta kuwa daban ne. A wasu ƙananan injina faifan cok cusa shi ake yi cikin sandar roba. A wasu kuma 'yan ƙananan sukurori biyu ne ke riƙe da shi a jikin sandar tagulla, kuma kamfani kan daddaki ƙarshensu da gangan don kada su kwance. Dalili shi ne duk abin da ya kuɓuce a wannan wuri, inji zai haɗiye shi. Sukuru ɗaya da bai fi ƙwayar shinkafa ba ya isa ya lanƙwasa bawul, ya huda kan fistin, ya karce silinda. Gyaran da aka yi don gudun sayen kafireta sai ya kai mutum ga sauke inji, garin neman ƙiba a samo rama.

Saboda haka bakaniken da ya san aikinsa ba ya mayar da tsohon sukurun da aka riga aka goge wa kai. Yakan nemo sabo mai awo da zare iri ɗaya, ya ɗiga masa gam ɗin kulle zare irin su Loctite, ko ya sake daddake ƙarshensa. Injinan Japan da na Sin awon milimita suke bi, wasu na Amurka kuma awon inci, kuma sukurun wani kan shiga ramin wani zagaye biyu kafin ya cinye zaren.

A ɓangaren robar ma, ɗaura sukuru kai tsaye cikin abin da aka buga ba ya ƙarko, domin jijjiga na cinye zaren. An fi samun biyan buƙata idan aka dasa ɗan zoben tagulla mai zare a cikin robar da zafi, ko aka ratsa da sukuru aka ɗaure da noti mai kulle kansa, da washa a ƙarƙashi don kada kan sukurun ya nutse. Gam ɗin kulle zaren nan kuwa na ƙarfe da ƙarfe ne, yana tsattsaga wasu robobi, musamman ABS.

Ina ribar take?

Ƙunshin zaren roba na kilo ɗaya zai fitar da hannun cok sama da ɗari, amma shi ma da dala ake shigo da shi, haka na'urar. Tana kuma son wuta tsayayyiya, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan ɓata abin da ake bugawa. Mai buga sassan janareta shi ma sai ya tayar da janareta. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne awo da zane, kuma bakanike ba zai biya kuɗin zanen abin da zai saka sau ɗaya ba.

Wannan ya sa a kan injinan da suka cika kasuwa, irin masu kwaikwayon Honda GX160, da wuya abin da aka buga ya kayar da na masana'antun Sin a farashi. Ga kuma maƙera da masu zubin sanholo na Panteka a Kaduna, waɗanda za su iya fitar da hannun ƙarfe da zarto ba tare da kwamfuta ba. Inda na'urar ke da fage shi ne tsofaffin injina masu ƙarko da aka daina kawo kayansu, da sassan waje masu siffar da ke da wuyar sassaƙawa: hannu, maɓallin ja, maƙalin waya, murfi. Sanda da faifan ciki gara a bar su ga ƙarfe ko na asali.

Hukumar NASENI, wadda aka kafa a 1992 don bunƙasa ƙere-ƙere, da kwalejojin fasaha na Kaduna da Kano, za su fi amfanar kanikawa idan suka tara zane-zanen sassan da suka fi karyewa, suka gwada su, suka sake su kyauta tare da bayanin roba da sukurun da ya dace da kowanne. Zane ɗaya zai wadatar da shaguna da dama. Gwajin farko ma ba ya buƙatar ɗakin bincike: a auna guntun da aka buga, a jefa shi cikin kwalbar fetur na mako guda, a ajiye wani a kan kwano a rana, sannan a sake aunawa a ga wanda ya kumbura ko ya lanƙwashe.