Miƙawa Dabam, Mallakawa Dabam

Duk wanda ya saba sauraron labaran Hausa a rediyo, ko karanta su a jarida, zai lura da wata kalma guda wadda aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, watau "miƙa". An miƙa mulki, an miƙa ɓarawo ga 'yan sanda, an miƙa makaranta ga kwamiti, an miƙa fili ga mai shi, an miƙa marayu ga danginsu. In aka koma ga Turancin da aka fassaro, sai a tarar kalmomi ne huɗu ko biyar mabambanta, mai fassara ya tattara su ya zuba a ƙwarya ɗaya. Abin da wannan ɗan rubutu zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne, wannan sakaci ne na masu aikin, harshen Hausa ba shi da laifi a ciki, kuma sakacin yakan kai ga asarar gona ko gida.

Bature yana rarrabewa. In ya ce "hand over", bai faɗi kome ba illa cewa abu ya bar hannu ya shiga wani hannu. In ya ce "entrust", to, ya yarda da mai karɓa, kuma yana sa ran ranar da zai tambaye shi. "Delegate" yanko wani ɓangare ne na iko a ba na ƙasa, alhali alhakin yana nan a wuyan na sama. "Consign" ta fi zama a bakin 'yan kasuwa, a ba wani kaya ya kai ko ya sayar. "Surrender" kuwa bayarwa ce ta dole.

To, Bahaushe fa? Shi ma yana da nasa, har ma sun fi yawa. Asalin "miƙa" aikin hannu ne, a miƙe shi da abu a ciki, shi ya sa ake miƙa wa baƙo ruwa, yaro ya miƙa wa malami allo. Ba ta faɗin na wane ne abin, ba ta kuma faɗin ko zai dawo. "Danƙa", ko "damƙa" kamar yadda ake ji a bakin mutane da yawa, 'yar'uwar danƙi ce, riƙo da dukan tafin hannu. Saboda haka uba ba ya miƙa 'yarsa ga miji, danƙa masa ita yake yi, kuma kowa a wurin ɗaurin auren ya san nauyin da ke cikin kalmar. "Wakilta" ta tsaya a wurin "delegate" daram. "Sallama" sakin hannu ne baki ɗaya, don haka in mai saniya a kara ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa. "Mallaka wa" ita kaɗai ce ke sauya mai abu. Ban da waɗannan ga ajiya, ga aro, ga jingina, ga riƙo, wanda daga gare shi aka sami "riƙon ƙwarya", sunan da ya dace ƙwarai da gwamnatin Cif Ernest Shonekan ta 1993, wadda ba ta cika wata uku ba.

Wannan rarrabewa ba ta tsaya ga daɗin baki ba, domin kowace kalma da hukuncinta a shari'a. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani, wanda aka ba ajiya in ta salwanta ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar riga ko kayan ado, in ya ce ya ɓata sai ya biya, sai fa in ya kawo shaidu. Kyauta kuwa ba ta cika sai an karɓe ta. In mai bayarwa ya rasu tun abin yana hannunsa, ya koma cikin gado. Ke nan a gaban alƙali tambayar farko ita ce, da wace kalma aka bayar? Malaman wannan yanki sun daɗe da kula da irin wannan. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, har littafi ya rubuta, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasa.

A ɗauki misali daga fadamar Argungu, inda gonar shinkafa take da daraja. Manomi ya matsu da kuɗi, ya karɓi bashi, ya ba mai kuɗin gonarsa jingina. Bisa al'ada mai kuɗin zai yi ta nomawa har ranar da aka biya shi, ko da yake malamai da dama ba su yarda da cin amfanin jingina ba, suna ganin ya yi kusa da riba. Shekara ashirin ta wuce, dattawan biyu sun kwanta dama, shaidu sun bi su. Abin da ya rage wata 'yar takarda ce da wani ɗan makaranta ya rubuta, wadda ke cewa wane ya "miƙa" gonarsa ga wane a kan kuɗi kaza. 'Ya'yan wannan su ce jingina ce, ga kuɗin fansa sun kawo. 'Ya'yan wancan su ce saye ne. Takardar ba ta ƙaryata kowa ba. Da ɗan makarantar ya rubuta "jinginar", ko "sayar", da zumunta ba ta ɓaci ba.

Amma inda abin ya fi girma shi ne dokar amfani da ƙasa, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, aka kuma kare ta a cikin tsarin mulkin 1979 da na 1999. Sashenta na farko ya sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana, ya sarrafa ta don amfanin 'yan Nijeriya duka. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, don dokar 1916 da ta 1962 sun riga sun bi wannan tafarki. Sai dai a bakin jama'a maganar ta taƙaita ta zama "ƙasa ta gwamna ce", ko "an miƙa wa gwamna ƙasa". Amanar ta faɗi a hanya. Alhali kuwa danƙa masa aka yi, ba a mallaka masa ba, kuma mai riƙon amana ana iya tambayarsa wa ya ba, don me, bisa wace ƙa'ida. Wanda aka ce masa ƙasa ta gwamna ce ba zai yi wannan tambaya ba, sai dai ya yi godiya in an sam masa.

Haka nan kuskuren yake ta ɗaya gefen. Tun da Birnin Kebbi ta zama hedkwatar jiha a ranar 27 ga Agusta 1991, garin ya buɗe, unguwanni irin su Gesse suka cika da gidaje. Mai gida a Gesse in ya karɓi takardarsa yakan ce ya sami "takardar mallakar fili", haka ma ake kiranta a labarai. Abin da takardar ta ba shi kuwa haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99. Ba ya sayarwa ko ya jinginar wa banki sai da yardar gwamna. Ana iya soke haƙƙin in bukatar jama'a ta taso, kamar hanya ko asibiti, kuma diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuke-shuke da sauran aikin da ya yi a wurin, ba ta tsurar ƙasa ba. Ginin nasa ne, ƙasar kuwa ta fi kusa da dogon aro, kuma masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. "Takardar izinin zama" ba ta da daɗin ji kamar waccan, amma ita ce ba ta yaudari magada ba.

Wani zai ce harshe ba ya tsayawa wuri ɗaya, "miƙa" ta faɗaɗa, kuma mai fassara a ɗakin labarai minti kaɗan gare shi kafin a buɗe masa makirfo. Gaskiya ne, kuma akwai inda kalmar ta zauna daidai. Ranar 1 ga Oktoba 1979 soja sun miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, babu gyara a nan, tun da mulkin ba nasu ba ne balle su mallaka masa, masu ƙuri'a ne suka danƙa masa amana. Sai dai uzurin gaggawa bai shafi mai rubuta takardar gona ba, bai kuma shafi mai fassara doka ba.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tanadi waɗannan kalmomi, amma daga Hausa zuwa Turanci suka nufa, kuma an yi su kafin dokar 1978. Aikin da ya rage na sassan Hausa ne, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, waɗanda suka fi kusa da wurin. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai zai iya zama da tsofaffin alƙalai da dagatai da dillalan filaye a Argungu da Gwandu da Birnin Kebbi, ya rubuta kalmar da suke amfani da ita ga kowane irin bayarwa, da hukuncin da ke biye da ita, sa'an nan ya jera su kusa da kalmomin Turancin da ke cikin dokar, a buga a raba wa gidajen rediyo da ofisoshin filaye.