Allurar ƙarambau: wa ya fi buƙatarta a gundumar Madarunfa?

Kowace shekara, da zarar an gama kai hatsi rumbu, sanyin hunturu ya sauko, sai a fara ganin yara da ƙuraje masu ruwa a ƙirji da baya da fuska, suna susa dare da rana. Daga Madarunfa zuwa Ɗan Isa, daga Gabi zuwa Safo, Sarkin Yamma da Jiratawa, babu uwar da ba ta san ƙarambau ba, wanda wasu ke kira farankama. Yanzu da labari ke yawo da sauri, ma'aikata da ƴan kasuwa masu tafiye-tafiye sun ji cewa a wasu ƙasashe akwai allurar rigakafin wannan cuta. Shi ya sa magidanta ke tambaya: shin ya kamata a nemo ta a yi wa ƙananan yara, har ma da iyayensu? Tambaya ce ta masu hankali, kuma ta cancanci amsa mai hujja.

Da farko dai, allurar gaskiya ce, kuma tana aiki. Wani likita ɗan ƙasar Japan, Michiaki Takahashi, shi ya haɗa ta a shekarar 1974. Amurka ta fara yi wa yaranta ita a 1995. Kafin wannan lokaci, mutane wajen miliyan 4 ne ke kamuwa da ƙarambau a can kowace shekara, fiye da dubu 10 su kwanta asibiti, 100 zuwa 150 su rasu. Bayan allurar ta game ƙasar, mace-macen sun ragu ƙwarai da gaske. Ana yin ta ne daga wata 12 da haihuwa zuwa sama. Wanda aka yi wa sau biyu, fiye da kashi 90 cikin 100 ba ya kamuwa, in ma ya kamu cutar ba ta yin tsanani. Saboda haka babu dalilin zargin allurar, ko bin jita-jita a kanta.

Amma wannan allura ba ta cikin jerin waɗanda gwamnatin Nijar ke yi wa yara kyauta a gidajen likita, kuma ƙungiyar Gavi, mai tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi wajen sayen allurai, ba ta biyan kuɗinta. Wani zai ɗauka sakaci ne. Akwai dalili, kuma ya kamata kowane magidanci da kowane ma'aikacin hukuma ya fahimce shi.

Ƙarambau cuta ce mai bambanta yaro da babba. Yaro lafiyayye yakan yi zazzaɓi kaɗan, ƙurajen su fito, su fashe, su bushe cikin mako guda ko kwana goma, shi ke nan ya rabu da ita, galibi har ƙarshen rayuwarsa. Babba kuwa, in ta kama shi, takan kayar da shi warwas, wani lokaci ta shiga huhu, numfashi ya gagara. Mace mai ciki ta fi kowa shiga haɗari. Idan ta kamu a cikin makonni 20 na farko, akwai jariri ɗaya ko biyu cikin ɗari da ke zuwa duniya da naƙasa a ido, a ƙwaƙwalwa ko a gaɓɓai. Idan kuma ƙurajen suka fito mata daga kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayanta, jaririn na iya kamuwa da cutar mai tsanani, har ya rasa ransa. Bugu da ƙari, masana sun lura cewa a ƙasashe masu zafi mutane da yawa sukan girma ba su yi ƙarambau ba, saɓanin ƙasashen sanyi inda kusan kowa ke yin ta tun yana ƙarami.

To, a nan ne hujjar take. Idan aka yi wa rabin yaran gari allura aka bar rabi, cutar ba za ta ɓace ba, tafiyarta ce kawai za ta ragu. Yaran da ba a yi wa ba, maimakon su haɗu da ita suna shekara huɗu ko biyar, lokacin da take da sauƙi, sai su haɗu da ita suna shekara ashirin ko talatin, lokacin da yarinyar ta zama matar aure mai ciki, yaron ya zama magidanci mai ciyar da iyali. Domin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, a matsayar da ta bayyana a 2014, ta gargaɗi ƙasashe cewa kafin su shigar da wannan allura cikin tsarinsu, su tabbata za su iya kai ta ga aƙalla kashi 80 cikin 100 na yara, kuma su ɗore a kan haka shekara da shekaru. Ingila ma, da duk arzikinta, ta daɗe tana jinkiri saboda irin wannan tsoro. Sai a 2023 kwamitin masananta ya ba da shawarar a fara. Da muguwar rawa, in ji Bahaushe, gwamma ƙin tashi.

Hujja ta biyu ita ce, gaba da gabanta. OMS ta ƙiyasta cewa ƙarambau na kashe mutane wajen 4,200 a duniya kowace shekara. Ƙyanda kuwa, wadda ake sakaya sunanta a ce baƙon dauro, a shekarar 2023 kaɗai ta kashe wajen 107,500, yawancinsu yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Allurar ƙyanda tana nan kyauta a kowace cibiyar lafiya: ta farko a wata 9, ta biyu a cikin shekarar yaro ta biyu. Don a tare ƙyanda a gari sai kashi 95 cikin 100 na yara sun samu duka biyun, kuma ta biyun nan ce iyaye suka fi mantawa, domin yaro ya fara tafiya, uwa ta sake samun ciki, aikin gona ya taso. Magidancin da ke neman allurar ƙarambau da kuɗinsa alhali karnen ɗansa bai cika ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Haka nan hukumar da ba ta gama kai allurar ƙyanda ƙauyukan nesa da rugagen makiyaya ba, bai kamata ta ɗora wa kanta sabon kaya ba.

Wannan ba ya nufin mutanen Madarunfa masu gudun allura ne. A gundumar nan ne, daga 2014 zuwa 2015, iyaye suka ba da jarirai fiye da 3,500 aka gwada wani maganin rigakafin zawo mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a baki, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya. Sakamakon da aka bayyana a 2017 ya nuna yana hana wajen kashi biyu cikin uku na zawo mai tsanani da ƙwayar rota ke jawowa, kuma yau yara a wasu ƙasashe na cin moriyarsa. Jama'ar da ta yi wa duniya wannan hidima ta cancanci a gaya mata gaskiya game da abin da ya fi gaggawa a gare ta.

To, su wa ya kamata su yi tunanin allurar ƙarambau tun yanzu, ba tare da jiran tsarin ƙasa ba? Amsar ta fi karkata ga manya. Na farko, budurwa ko matar aure wadda ba ta taɓa yin cutar ba, kafin ta ɗauki ciki. Na biyu, ma'aikatan gidan likita da unguwarzoma, waɗanda kullum ke taɓa masu ciki da jarirai. Na uku, malaman makaranta, na boko da na allo, masu wuni cikin yara. Na huɗu, mutanen gidan da ke da majinyaci mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ciwon daji ko mai cutar sida da ta yi nisa, domin shi ba a yi masa allurar, kariyarsa tana hannun waɗanda ke kewaye da shi. Babba sau biyu ake yi masa, a bar mako 4 zuwa 8 a tsakani. Wanda ya tabbata ya yi ƙarambau yana yaro ba ya buƙatarta, kuma a nan kakanni da iyaye mata su ne shaidu, sai a tambaye su tun suna raye.

Akwai sharuɗɗa guda uku da ba a wasa da su. Allurar tana ɗauke da ƙwayar cutar mai rai wadda aka raunana, saboda haka ba a yi wa mai ciki, kuma wadda aka yi wa sai ta jira wata guda kafin ta ɗauki ciki. Sannan ba ta jure zafi ko kaɗan. In ta bar firiji ta wuni a rana, ta zama ruwa kawai. Don haka duk kwalbar da aka ciro daga jakar ɗan tebur a kasuwa, ko aka tsallako da ita iyaka a bayan babur, asarar kuɗi ce, kuma ta fi asara muni, domin mai ita zai zauna yana zaton ya tsira. Na ƙarshe, likita ne zai duba mutum ya rubuta, ma'aikacin lafiya ne zai yi. Magidanci mai hali da ya cika karnen ɗansa, sannan ya so ƙara masa wannan ta hanyar likita, bai yi laifi ba, ɗansa zai amfana.

Sauran jama'a, waɗanda su ne mafi yawa, abin da ke hannunsu shi ne sanin cutar da sanin yadda ake jinyarta. Babban haɗari shi ne a kira wata cuta da sunan ƙarambau a zauna a gida. Dattawan da ke da tabon lamba a damtse suna tuna agana, wadda aka yi wa gangami a Afirka ta Yamma daga 1967, aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980. Mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta a cikin jama'a, wani mai dafa abinci a asibitin garin Marka na ƙasar Somaliya, a watan Oktoba na 1977, ce masa aka yi ƙarambau ce, aka sallame shi. In ma'aikatan asibiti sun iya ruɗewa, ina ga uwa a ƙauye? Agana ta tafi, amma ƙyanda na nan, ga kuma ƙyandar biri mai ƙuraje masu ruwa da kumburin kaluluwa. Ƙyanda tana farawa da zazzaɓi mai zafi, tari, majina da jan ido, bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje marasa ruwa su fito daga fuska su gangara. Ƙarambau kuwa ƙurajenta masu ruwa ne, masu ƙaiƙayi, suna fitowa kashi-kashi, wasu na bushewa wasu na tasowa. Duk wanda ya yi shakka ya nufi gidan likita. Tun 2006 dokar ƙasa ta sa duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne.

Idan an tabbata ƙarambau ce, a yanke wa yaro farce, a riƙa yi masa wanka da ruwa mai tsabta da sabulu, a ba shi ruwa da abinci sosai. Kada a shafa masa toka ko ƙasa, domin ta nan ƙurajen ke ruɓewa su zama gyambo. Don zazzaɓi a ba shi farasitamol. Kada a kuskura a ba shi asfirin, domin tana iya lalata masa hanta da ƙwaƙwalwa. A tsare shi a gida, ban da lakwal, ban da makarantar allo, ban da gidan suna, har sai duk ƙurajen sun bushe. Cutar tana bin iska, tana yaɗuwa tun kwana ɗaya ko biyu kafin ƙuraje su fito, kuma wanda ya ɗauka sai bayan kwana 10 zuwa 21 za a gani. A gidan da ke da mata biyu ko uku, lalle a raba mai ciki da mai jego da ɗakin majinyacin. Mai cikin da ba ta taɓa yi ba, in ta zauna da mai cutar, ta je awo a ranar, kada ta jira ƙuraje. Babban da ƙuraje suka fito masa shi ma ya je a ranar, domin akwai maganin da ke rage tsananin cutar in an fara shi cikin awa 24. Yaro mai tamowa, jariri sabuwar haihuwa, da duk wanda numfashinsa ya yi sama-sama, ko ya suma, ko ƙurajensa suka kumbura suka yi ja, asibiti ne wurinsu ba tare da ɓata lokaci ba.

Hukuma ma tana da nata aiki. Ya kamata kowace cibiyar lafiya ta riƙa rubuta masu ƙarambau da shekarunsu, da adadin manya da masu ciki da suka kwanta saboda ita, domin ranar da ƙasa za ta zauna ta yanke shawara kan wannan allura, alƙaluman Madarunfa da makamantanta za a duba. Ya kamata a wurin awon ciki, da wurin shirin aure, a riƙa tambayar mace ko ta taɓa yin cutar. Hakimai, masu gari, limamai da shugabannin mata su tuna wa iyaye allurar ƙyanda ta biyu, musamman iyalan da ke kai-da-kawo tsakanin gundumar nan da Jibiya a jahar Katsina. Annobar kwalara ta watan Yuli na 2018, wadda aka fara gani a cibiyar lafiya ta Inyalwa, ta nuna cewa cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa karnen ɗansa, ya nuna masa layin da ba a cika ba.

Shawarar ke nan. A cika karnen kowane yaro tukuna. A kare mai ciki da jariri daga mai ƙuraje. Babban da bai taɓa yin ƙarambau ba ya nemi shawarar likita tun yana lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da gunduma ta iya kai allurar ƙyanda sau biyu ga kusan kowane yaro, daga bakin tabkin Madarunfa har ƙauyen ƙarshe na bakin iyaka, a ranar ce za a buɗe zancen yi wa duk yara allurar ƙarambau. Allah ya ba jama'a lafiya da zama lafiya, amin.