Su Wa Suka Haƙa Ramin?

Duk shekara, in 8 ga Satumba ta zagayo, wato Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, sai a jera ƙasashe tamkar sakamakon jarrabawa: su Finlan da Japan a sama, mu can a gindi. UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, a 2022 kuma UNESCO ta kai adadin wajen miliyan 20. Daga nan sai manya su hau mumbari su rera mana tsohon karatu: iyayen Arewa ba sa son boko, malamai kuma ba su san aikinsu ba. Wannan fassara mun ƙi ta.

A birnin Zazzau za a ce ba a son karatu? Zaurukan Kona da Unguwar Juma suna cike da almajirai tun Bature bai san hanyar Ƙofar Doka ba. Makarantar da ta zama Alhudahuda tun 1910 take tsaye. A ƙasar nan ta Zazzau aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, daga nan kuma littattafan Yaƙi da Jahilci suka bazu ƙauyukan Arewa. Dattijon da ke rubuta wasiƙa da ajami, wanda sau da yawa mai ƙidaya kan sa shi a layin jahilai, shi ne ake zargi da ƙin ilmi.

Mun ga amsar da idonmu a 2016, lokacin da gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare. Kafin a ankara azuzuwa sun cika sun batse. Ashe yunwa ce ta tsare yaran nan a gida da bakin kasuwa. To amma da suka zo, me suka tarar? Malami guda a gaban yara fiye da ɗari, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, ba benci balle littafi. An rubuta sunaye a rajista, an kai alƙaluma Abuja, an yi tafi. Rajista kuwa ba ta koya wa kowa baƙi da wasali. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa kusan tara cikin goma na 'yan shekara 10 a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta, kuma da yawansu suna aji kullum.

Kada a fake da talauci. Koriya ta Kudu ta fito daga yaƙi a 1953 tana cikin matalautan duniya, ta fara da firamare. Kyuba ta tura matasanta ƙauyuka a 1961, cikin shekara guda ta karya lagon jahilci. A taron Incheon na 2015 ƙasashe sun amince a ware wa ilmi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Kason ilmi a kasafin Tarayya tun 2016 bai taɓa kai 10 ba. Dokar UBE ta 2004 ta tanadi kashi 2 na kuɗin shigar Tarayya domin ilmin matakin farko, bisa sharaɗin jiha ta kawo nata rabin, sai ga biliyoyi suna kwana a asusun UBEC saboda jihohi da dama sun ƙi kawowa.

A 2017 an ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu a jihar nan, aka sallame su. Ba mu goyon bayan malamin da bai iya karatu ba. Amma wa ya ɗauke shi aiki, da takardar wane ɗan siyasa? A Finlan da ake yi mana gori da ita, sai da digiri na biyu ake riƙe ajin firamare, gwamnati ce kuma ke ɗaukar nauyin horon.

Muna kira ga hukumar SUBEB ta wallafa yawan ɗalibai da malaman kowace firamare a Ƙaramar Hukumar Zariya, makaranta bayan makaranta. Kafin ta yi, kowane wakilinmu ya zo taron reshe na gaba da ƙidayar makarantarsa a rubuce: yara nawa, malamai nawa, benci nawa, da 'yan aji shida nawa ne ke iya karanta shafi guda na Hausa.