Cocin Maulbronn: Gida Ya Canza Hannu, Bai Rushe Ba

A kudu maso yammacin Jamus, cikin jihar Baden-Württemberg, akwai wani ƙaramin gari mai suna Maulbronn. A 1147 wasu masu zuhudu 'yan Katolika na ɗariƙar Sistasiyan suka kafa gidansu a wani kwari a wurin, a 1178 kuma aka keɓe cocinsu don ibada. Mutane ne masu tsanani ga kansu. Ba sa cin naman dabba mai ƙafa huɗu, shi ya sa suka haƙa tafkuna da magudanan ruwa suna kiwon kifi. Duk sanyin ƙasar, ɗaki guda ne aka ware musu na jin ɗumi.

Wanda ya shiga cocin yau zai ci karo da wata katangar dutse da ta raba shi biyu. Gabas, wajen kujerun katako masu sassaƙa, na masu zuhudu ne da suka iya Latin. Yamma kuwa na 'yan'uwa ma'aikata ne, masu noma da kiwo, waɗanda ke jin addu'a ta bayan bango. A gaban katangar akwai gicciye na 1473, wanda aka sassaƙa daga dutse guda.

A 1504 Ulrich, mai mulkin Württemberg, ya ci wurin da yaƙi. Daga 1534 ƙasarsa ta bi tafarkin Furotesta, masu zuhudu suka tattara nasu ya nasu suka fice. A nan ne labarin ya ba ni sha'awa. A Ingila a wancan zamanin, da Sarki Henry na Takwas ya rufe irin waɗannan gidaje, da yawansu an yaye musu rufi, maƙwabta suka kwashe duwatsu, aka bar kangaye. Christoph, ɗan Ulrich, wata hanya ya bi: a 1556 ya mayar da gidan makarantar kwana, inda ake tarbiyyar yaran da za su zama limaman sabuwar aƙida. An ci gaba da tashi da asuba, ana karatu, ana waƙoƙin ibada, sai dai masu yin ne suka canza. Gini kuwa, in da mai kwana a ciki, akwai mai lura da inda yake yoyo. Mu da muke kallon ganuwar Kano tana zaizayewa kowace damina mun san bambancin.

Ba a ce an rabu lami lafiya ba. A Yaƙin Shekara Talatin 'yan Katolika sun dawo na ɗan lokaci, sai sulhun 1648 ya mayar da wurin hannun Württemberg. Amma katangar nan, wadda ba ta da wani amfani a ibadar Furotesta, ba wanda ya sa mata guduma.

Makarantar ta fitar da manya. Johannes Kepler, masanin tafiyar taurari, ya yi karatu a nan daga 1586 zuwa 1589. Marubuci Hermann Hesse ya shigo a 1891, tsananin ya ishe shi, ya gudu bayan 'yan watanni. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1993. Har yanzu akwai ɗalibai maza da mata a ciki, mutanen gari kuma suna ibadarsu a cocin, a ɓangaren da a da ya kasance na masu noma da kiwo.