Mai Duba Littafi Bai Saya Ba, Shi Ma Abin Ƙirgawa Ne

Sau da yawa idan aka tambayi masu shagunan littattafai dalilin ƙarancin littattafan kimiyya a kantocinsu, amsar ɗaya ce: wai jama'a ba su so. Hujjarsu ita ce ciniki. Alhali kuwa ciniki nauyin aljihu yake aunawa, ba ya auna sha'awa. Ɗalibin da ya fito daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya tsaya a wani shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ya ɗauki littafi ya daɗe yana dubawa, sannan ya ji kuɗinsa ya ajiye, ba ya barin wata alama a littafin lissafin mai shago.

Masana ɗabi'un dabbobi sun daɗe da sanin cewa tsayuwa ita ma ma'auni ce. A shekarar 1976 Eric Charnov ya bayyana cewa dabba mai neman abinci takan daɗe a wuri gwargwadon abin da take samu, ta tashi da zarar samun ya gaza abin da za ta iya tsinta a wani wurin. Ƙudan zuma a kan fure haka yake yi. Mai karatu a gaban kanta bai yi nisa da wannan ba: daɗewarsa shaida ce cewa yana samun wani abu.

Don haka ya kamata mai shago a Unguwar Gano ko Tarauni ya tanadi ɗan littafin rubutu, ya riƙa ƙirga abubuwa uku: wanda ya ɗauki littafi, wanda ya buɗe ya daɗe, da wanda ya tambayi kuɗi. Bayan wata guda lissafin zai yi magana. Littafin da ake yawan tambayar kuɗinsa ana ajiyewa, tsada ce ta kashe shi, maganinsa bugu mai araha. Wanda ba a ko taɓawa, shi ne za a iya cewa ba a so.

Sai dai wannan awo ba zai yiwu ba muddin ana ƙunshe littattafai cikin leda, ana korar masu dubawa. Wannan cinikin biri a sama ne.

Tun 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah domin bayyana wa Bahaushe halittu da harshensa. Kafin a yanke hukuncin cewa jikokin masu karanta shi sun juya wa kimiyya baya, a fara ƙirga su tukuna.